Accra na zaune a kan tsaga, zangunanmu kuma suna cikinta

Da yammacin ranar 22 ga Yuni, 1939, ƙasa ta girgiza a Accra da ƙarfin maki kusan 6.5. Mutum 17 suka rasu, sama da 130 suka jikkata. A lokacin mazauna garin ba su kai 100,000 ba, kuma benaye ƙalilan ne. Ƙidayar 2021 ta samu mutum sama da miliyan 5 a yankin Greater Accra, tsagar dutsen ƙarƙashin ƙasa da ta haddasa waccan girgiza kuwa tana nan inda take.

Masana sun daɗe da sanin tsagogi biyu a dutsen ƙarƙashin birnin: ta Akwapim, wadda ta gangaro daga arewa maso gabas, da wadda ta bi gaɓar teku. Suna kusantar juna a yammacin birnin, shi ya sa mutanen Weija da McCarthy Hill da Kasoa suka fi jin motsi, kamar yadda aka ji a Yunin 2020 da Disambar 2022. Kafin 1939 ma, girgizar 1862 ta lalata tsohon sansanin Turawa na Osu.

Abin da ke damuna shi ne, sanin inda tsaga take rabin aiki ne. Girgiza ɗaya ba ta dukan unguwanni daidai. Gidan da ke kan dutse yana iya tsira da ɗan tsagewar bango, maƙwabcinsa da aka ɗora a kan fadamar da aka cike da yashi da shara ya durƙushe, domin ƙasa mai laushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi. Don haka ana buƙatar taswira unguwa-unguwa: wace irin ƙasa ce, ruwa nawa ne a ƙarƙashinta, wane irin gini ne a samanta.

Ka shiga lungunan Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ka gani. Gidan da kaka ya gina ƙasa ɗaya, jikoki sun ɗora masa hawa biyu a kan tsohon tushe, da rodi sirara da bulon da ke marmashewa a hannu. Lungun kuwa, mutum biyu sai sun karkata kafin su wuce juna. Ina motar asibiti za ta bi? A 2012 wani katafaren kanti ya rufta a Achimota ya kashe mutum 14, ba tare da ƙasa ta ko motsa ba.

Ghana ta fito da dokar gini a 2018, tana kuma da hukumar binciken ƙasa da hukumar kula da bala'o'i ta NADMO. To, a haɗa aikinsu da takardar izinin gini: babu gwajin ƙasa, babu ƙarin hawa. A fara duba makarantu da masallatan Juma'a da dam ɗin Weija. Sarakunan zango da limamai su nemi a kawo musu taswirar unguwanninsu, a karanta wa magina da masu gidajen haya da Hausa.