Ranar da aka lakaɗa wa Kano duka a gidan gem

Ruwan sama ne ya koro Bakano da taubashinsa Bazazzagi cikin wani gidan gem a bayan tasha. Sun tarar da Ɗan Fulani tsugune a lungu, sanda a kafaɗa, yana gadin wayarsa da ya ba da caji. Yaron shago na zaune gaban wata tsohuwar PlayStation 3 mai gurnani kamar injin markaɗe.

BAKANO: Kai yaro, wannan dambe ne ko tashe? Na ga ƙato da jan mayafi, ya ɗora kamfai a saman wando.

YARO: Alhaji, Superman ke nan. Gem ɗin kuma Mortal Kombat vs. DC Universe. Wasa ɗaya Naira 100.

BAZAZZAGI: Bar shi da ni, yaro. Bawana in ba lissafin riba ba, ba ya gane komai sai an tauna masa. Gem ne na shekarar 2008, kamfanin Midway na birnin Shikago a Amurka ne ya yi shi. Gida biyu aka haɗa. Ga 'yan Mortal Kombat, mutanen da ba su san sulhu ba, ga kuma jaruman DC, su Superman da Batman, waɗanda ko ɓarawo suka kama sai su kai shi ofishin 'yan sanda.

BAKANO: Wato an ɗaura auren mahauci da malamar asibiti.

BAZAZZAGI: Yau dai ka yi magana. Kowane gida ya kawo mutum 11, jimilla 22.

BAKANO: Ashirin da biyu kacal? A Naira 100?

BAZAZZAGI: Nan ma ka taɓo wani abu. Wani gem ɗin dambe irinsa, Marvel vs. Capcom 2, wanda ya riga shi fitowa tun 2000, mutum 56 ne a ciki.

BAKANO: Ka ji masu tsoron Allah a ciniki. Yaro, nuna mini hajar taka in gani.

Yaro ya shiga zagaya fuskoki a allon talabijin. Ya wuce Scorpion, ya wuce Sub-Zero, ya wuce Raiden mai malafa. Da ya zo kan wani mai gemu, sai Bakano ya miƙe tsaye har hularsa ta goge silin.

BAKANO: Tsaya! Koma baya! Me aka rubuta a nan?

YARO: Kano.

BAKANO: Allahu akbar! Ka gani ko, bawana? Ko da me ka zo an fi ka! Har Amurka sun san da mu. Yaro, duba da kyau, akwai wani mai suna Zariya?

YARO: Babu, Alhaji.

BAKANO: Duba ƙasa-ƙasa, wajen 'yan kallo.

BAZAZZAGI: Zauna tukuna ka ji tarihin ɗan'uwan naka. Wannan Kano da kake wa kirari gawurtaccen ɗan ta'adda ne, jigo a ƙungiyar 'yan fashi da fasa-ƙwauri mai suna Black Dragon. Duk wanda ya fi biya, shi yake yi wa aiki. Ko duniyarsa aka taya da daraja, sallamawa zai yi.

BAKANO: To ai ɗan kasuwa ke nan. Mene ne abin zagi?

BAZAZZAGI: Dubi fuskarsa. Rabi ƙarfe ne, ido ɗaya ja wur kamar fitilar bayan mota.

BAKANO: Ido ɗaya ya ishi mai hankali ƙirga kuɗi.

BAZAZZAGI: A gem na farko, na 1992, in ya ka da mutum hannu yake zurawa a ƙirji ya zaro zuciya tana bugawa.

BAKANO: (ya ɗan yi shiru) To, wannan ba ɗan cikin gari ba ne. Baƙo ne ya zo ci-rani ya ari sunan.

Ɗan Fulani, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya matso yana leƙen allo.

ƊAN FULANI: Aradu wannan mai haƙoran fa? Kura ce aka sa wa riga?

YARO: Sunansa Baraka.

ƊAN FULANI: Baraka? Wanda ya raɗa masa suna bai ga bakinsa ba. Ga wuƙaƙe na fitowa daga hannu. Wannan ai Ɓaraka ne.

BAKANO: Kai Ɗan Fulani, ka iya wasan nan?

ƊAN FULANI: Ban taɓa riƙe abin ba.

BAKANO: Madalla. Kai nake nema. Zo mu buga, wanda aka ci shi zai biya.

BAZAZZAGI: Ka ji Bakano. Ba ya shiga kokawa sai ya tabbatar abokin karawar na jinya.

Aka miƙa wa Ɗan Fulani hannun gem, ya juya shi sama da ƙasa, ya sansana. Bakano ya zaɓi Kano ba tare da shawara da kowa ba. Ɗan Fulani ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya kan wata mace.

ƊAN FULANI: Wannan nake so.

YARO: Wonder Woman? Baffa, ga Superman, ga Batman.

ƊAN FULANI: Ba ruwana da su. Ita kaɗai na gani da igiya a ƙugu. Duk wanda ya fito da igiya ya san abin da ya fito yi.

BAKANO: Mace za ka turo wa Kano? Yaro, fara rubuta masa rasit.

Kafin a fara, Bakano ya sake tsayar da wasa, don akwai abin da ya tsaya masa a rai.

BAKANO: Bawana, wancan mai kamfan ba shi ne aka ce yana ɗaga jirgin sama da hannu ɗaya ba? To ta yaya mai wuƙa zai tsaya gabansa? Ai mari ɗaya sai a nemo gawar a Damagaram.

BAZAZZAGI: Masu gem ɗin ma sun san za a yi wannan tambayar, sai suka ƙulla labari. Wai a lokaci guda Raiden ya narka wa Shao Kahn, babban mugun gidan Mortal Kombat, tsawa, Superman kuma ya harbi Darkseid, babban mugun gidan DC, da wutar idonsa, kowanne yana bakin ƙofar tserewa. Sai mugayen biyu suka narke suka zama dodo ɗaya, Dark Kahn, duniyoyin biyu suka fara shiga juna. Ƙarfin kowa ya rikice, na wani ya ragu, na wani ya ƙaru. Superman kuma dama sihiri na kama shi.

BAKANO: Wato sammu aka yi masa.

BAZAZZAGI: Kusan haka. Shi ya sa Joker, siririn mahaukacin nan mai jan baki, zai iya kwaɗa masa mari ya ji a jikinsa.

ƊAN FULANI: Ko bijimi in aka yi masa asiri, ɗan akuya sai ya tunkuɗe shi. Wannan gaskiya ne.

BAZAZZAGI: Ni dai ban ƙoshi da hujjar ba. Dabara ce ta wanda ya riga ya karɓi kuɗin ɗinki, yadi bai kai ba, ya ce ai ɗamammiya ake yayi.

Aka fara. Bakano ya gyara zama, ya karkace baki, yana danna maɓalli ɗaya-ɗaya da yatsa kamar mai latsa kalkuleta. Ɗan Fulani kuwa ya rungume hannun gem da tafukansa biyu yana matsa duk abin da ya taɓa, tamkar mai tatsar nono da sassafe. Kano ya jefa wuƙa ta wuce. Wonder Woman ta wurga igiya ta fizgo shi ta maka da ƙasa.

ƊAN FULANI: Yawwa! Na ce muku ta san aiki!

BAKANO: Yaro, hannuna ba ya yi! Ka ba ni mai lalatacce!

YARO: Lafiyarsa ƙalau, Alhaji. Kai ne kake danna na tsalle.

Can sai ta rarumo Kano ta ruga da shi, suna fasa bango bayan bango.

BAKANO: Innalillahi! Wa zai biya kuɗin ginin nan? Kun san nawa buhun siminti yake yanzu?

BAZAZZAGI: Danna da sauri, bawana, a nan gasar saurin yatsa ake yi. Akwai ma filin da ake faɗowa daga sama ana naushin juna a iska kafin a iso ƙasa. Ranar farko abin burgewa ne. In ka gani sau talatin, sai ka fara duba agogo.

Bakano ya samu ya dunƙule Kano ya zama ƙwallo ya daki ƙirjinta, ya miƙe zai yi kirari. Bai rufe baki ba sai ga Wonder Woman ta ɗau wani haske rawaya, ta nufo shi. Yana dukanta ko gezau, ita kuwa tana kirɓarsa kamar sakwara.

BAKANO: Wannan kuma mene ne? Ta sha tauri ne?

BAZAZZAGI: Ma'aunin fushi ne ya cika. In ya cika aka matsa maɓallan baya, duka ba ya tsayar da mutum na ɗan lokaci. Ka ga ɗaya daga cikin abin da ƙwararru ke ƙorafi a kai ke nan: ka shekara kana koyo, wanda ya shigo fakewa ruwa ya zo ya tatse ka.

ƊAN FULANI: Ni ban san me na taɓa ba. Amma zan ƙara taɓawa.

Zagaye na biyu bai kai na farko tsawo ba. Kano ya tsaya yana layi kamar wanda ya sha rana a layin mai, wata murya ta yi ruri daga talabijin.

ƊAN FULANI: Me yake cewa?

YARO: Cewa ya yi ka ƙarasa shi.

ƊAN FULANI: A'a. Mutum ya riga ya jigata, me zan ƙara masa?

Kano ya gama layinsa ya faɗi da kansa, rim.

BAZAZZAGI: Ko da ka iya ma, ba kashe shi za ta yi ba. Ga babbar matsalar gem ɗin nan. Mortal Kombat da jini ya yi suna. Saboda irinsa majalisar dattawan Amurka ta yi zama a 1993, har aka kafa hukumar da ke sa wa gem alamar shekaru a 1994. Nasu kullum na 'yan 17 zuwa sama ne. Amma da aka gayyato su Superman sai aka sauko da shi na 'yan 13. Jaruman DC ba sa kisa, sai dai su yi wa mutum lilis su bar shi da numfashi. Superman sai ya buga mutum cikin ƙasa kamar turke, ya tafi abinsa.

ƊAN FULANI: Turke? Wannan ma ya yi kiwo.

BAZAZZAGI: Joker ma da aka bar shi ya yi kisa, ya fito da bindigar wasa mai tuta, ya yi dariya, sannan ya zaro ta gaske, a kwafin Amurka sai aka kawar da kyamara kada a ga inda harsashi ya sauka. Mai son jini bai ƙoshi ba, mai son Batman kuma ya ga ana jan gwaninsa a ƙasa. Tuwo ne aka yi da miyar shayi.

BAKANO: To su masu shagon, sun ci riba?

BAZAZZAGI: Gem ɗin ya sayu, ba laifi, amma bashi ya riga ya ci Midway. A 2009 suka durƙushe, Warner Bros., masu DC ɗin, suka saye Mortal Kombat.

BAKANO: Tsaya. Baƙon da aka gayyato biki shi ya saye gidan?

BAZAZZAGI: Shi fa. Kuma daga nan aka gane kuskure, aka raba gari. A 2011 Mortal Kombat ya koma wa jininsa, a 2013 aka yi wa 'yan DC nasu daban mai suna Injustice. Kowanne ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba.

BAKANO: Wallahi Warner ɗin nan a bincika, akwai jinin Kwari a jikinsa.

Ruwa ya tsagaita. Ɗan Fulani ya zare wayarsa daga caji, ya saɓa sanda, ya tsaya bakin ƙofa.

ƊAN FULANI: Yaro, in matar nan ta zo garin nan, ka ce ina gaisuwa. Alhaji, in na koma ruga zan ba da labari yau na ɗaure Kano da igiya.

BAZAZZAGI: Biyo ta Zariya, ni zan biya maka kuɗin mota.

YARO: Alhaji, Naira 100.

Bakano ya laluba aljihu, ya daɗe yana lalube, ya zaro Naira 50 ya ajiye a kan talabijin.

YARO: Saura 50, Alhaji.

BAKANO: Mai ido nawa ka ba Ɗan Fulani?

YARO: Biyu.

BAKANO: Ni fa?