Zaman Masu Ciki da Masu Jego: Kada a Bar Kaka da Maigida a Waje

'Yan'uwa mata da dama suna turo mini saƙo suna tambayar yadda za su kafa irin zaman da muke yi da masu juna biyu da masu jego a unguwarmu a nan Kaduna. Kusan kullum tambayarsu ta farko ita ce ina za a samu kuɗi, ta biyu kuma wace ƙungiya ce za ta ɗauki nauyi. Mu dai a ajin wata islamiyya muke zama ranar Alhamis da yamma, lokacin da babu karatu, kuma kayan aikinmu ba su wuce tabarmi da ruwan sha da littafin rajista ba. Tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce su wane ne za su zauna a kan tabarmin. A ganina, duk taron da ya tara masu ciki su kaɗai, to yana magana ne da wadda ta fi kowa ƙarancin iko a kan lamarin cikin da take ɗauke da shi.

Mu dubi yarinyar da take da cikin fari. Kunya ba ta barinta ta ambaci cikin ko a gaban mahaifiyarta, balle ta ce tana ganin jini ko kanta yana sarawa. Ba ta fita sai da izinin maigida, kuɗin mota da na kati suna aljihunsa, idan kuma cikin ya tsufa sai a mayar da ita gida goyon ciki, inda magana ta koma hannun uwa da gwaggo. Ranar da ta sauka, wata ce za ta yanke hukunci a kan abin da za a fara sa wa jariri a baki, da abin da za a shafa wa cibiya, da zafin ruwan wanka. Idan muka koya wa wannan yarinya komai muka sallame ta, mun ƙara mata damuwa ne kawai, domin yanzu ta san abin da ya dace amma ba ta da bakin faɗa a gidan da take zaune.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa a shekara guda, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Tun a 1994 masana suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A cikin garin Kaduna ba a rasa inda za a je ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, akwai Gwamna Awan a Kakuri, akwai babban asibitin Kawo, ga kuma ƙananan asibitocin mazaɓu. Jinkiri na uku aikin gwamnati ne da ma'aikatanta, kuma muna da abin faɗa a kansa, amma na farko da na biyu a tsakar gida da ƙofar gida suke faruwa, kuma nan ne hannun 'yan sa-kai yake kaiwa.

Ba mu ne muka ƙirƙiro wannan hanya ba. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal an gwada zaman mata wata-wata tare da mace ɗaya mai jagorantar tattaunawa, kuma sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mutuwar sababbin jarirai ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. An sake samun makamancin haka a Indiya, har a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da irin waɗannan ƙungiyoyi, musamman a karkara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne. Mata ne suka zauna suka gano matsalarsu, suka tsara mafita, suka jawo sauran jama'ar gari cikin maganar.

Kawo kakanni cikin zama yana bukatar ladabi. Ba a aika wa dattijuwa takardar gayyata a ce ta zo a wayar mata da kai. Gida ake bin ta, a durƙusa a gaishe ta, a ce, "Inna, muna tara yaran nan ne, mun ga ba zai yiwu mu yi ba tare da manya ba." Kuma idan ta zo, ita ake fara ba wa dama ta yi magana. A wani zama da aka yi maganar shayar da nono zalla na wata shida, wata dattijuwa ta gyara zama ta dubi ma'aikaciyar lafiyar da muka gayyato ta ce, "'Yata, ke kin san zafin bazarar garin nan kuwa? Babba ma yana neman ruwa, sai a ce jinjiri ya yi wata shida bai ɗanɗana ba? Wannan ai alhaki ne." Ma'aikaciyar ba ta musa mata ba. Ta ce, "Inna, gaskiyarki, ƙishirwa tana nan. Amma nonon uwa fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta da ba ya kawo gudawa. Ruwan da za ki ba jinjiri, ki ba uwarsa ta sha, shi kuma a yawaita sa shi a nono." Dattijuwar ta yi shiru, sannan ta ce to wannan magana ce. Daga baya surukarta ta ba mu labarin cewa kullum sai Inna ta dire mata kofin ruwa a gefen gado, kuma ita da kanta take hana 'yan barka ɗura wa yaron komai. Da mu kaɗai muka faɗa wa yarinyar, da ranar suna ba ta kai ba an ba shi ruwa. Haka maganar dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar: idan kaka ta yarda cewa shi ne kariyar farko ga jariri, kuma a sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, an gama.

Inda na fi son a yi hattara shi ne maganar jego. Ina jin haushin masu zuwa su yi wa al'adar kuɗin goro su ce duk jahilci ce. Kwana arba'in na hutu, da abinci mai gina jiki, da kauri, da babbar mace a kusa tana karɓar jariri don uwa ta runtsa, wannan gata ne da bai kamata mu yar ba. Gwamnatin jihar nan ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta mata a 2019, amma yawancin matan da ke zama da mu masu sana'ar cikin gida ne, jegon nan shi ne kaɗai hutun da suke samu. Sai dai tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki a lokacin da ba ta gama farfaɗowa daga nauyin ciki ba. Don haka abin da muke roƙon iyayenmu shi ne a sirka ruwan, a rage kanwa ƙwarai, mai hawan jini kuwa a ɗauke mata ita gaba ɗaya. Mai jegon da take haki, ƙafafunta suka kumbura, take tari da dare har ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti take bukata a ranar, ba ƙarin wanka ba. Cibiya kuma a bar gasa ta da tsumma ko shafa mata man goge baki da toka, tunda akwai man kuloheksidin da ake bayarwa domin ta.

Maza ba sa zama tare da mu, kuma ban ga dalilin tilasta hakan ba. Wani ɗan'uwa ne daga cikin 'yan sa-kai yake tara su a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, da amincewar liman, kuma ba a tsawaitawa. Tambayoyi ake yi wa duk wanda matarsa ta shiga wata na bakwai: a wane asibiti za ta haihu, wace mota ko Keke Napep ce za ta ɗauke ta idan abin ya zo da ƙarfe biyun dare, nawa ka ajiye, kuma wa zai ba da jini idan an bukata? Da yawa a nan ne suke fara sanin cewa ba su san rukunin jinin matansu ba. Muna da lambobin direbobin unguwa da suka yarda a tashe su kowane lokaci, kuma kowane gida mai tsohon ciki yana da su a rubuce a bango. Amma abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne izini. Muna roƙon maigida ya furta a gaban mahaifiyarsa da matarsa cewa idan an ga jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce sa'a 12, to ya yafe a tafi da ita ko yana Legas, ba sai an same shi a waya ba. Jinin bayan haihuwa yana iya ɗauke mace cikin sa'o'i biyu, kuma na san gidajen da aka ɓata fiye da haka ana kiran wayar da take kashe.

Dole kuma ƙungiya ta san iyakarta. Mu ba asibiti ba ne. A zaurenmu na WhatsApp an hana kowa rubuta wa wata sunan magani, an hana tallar haɗin sauƙaƙa naƙuda da dangoginsa, kuma wadda ta kawo ƙorafin ciwo amsarta ɗaya ce, a raka ta wurin ma'aikaciya. Aikinmu tunatarwa ne da rakiya: awon ciki a fara shi cikin wata ukun farko, a yi ƙoƙarin cika zuwa takwas kamar yadda aka ba da shawara tun 2016, a sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro. Jariri kuma a kai shi rigakafi da haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15. Abin da aka faɗa a zama kuwa a nan yake tsayawa, domin ranar da sirrin wata ya fita unguwa, ranar ce ta ƙarshe da wata za ta buɗe baki.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba sai an saba. Bayan suna, idan 'yan barka sun watse, wasu matan sukan shiga wani hali na kuka ba dalili, da rashin barci ko da jariri ya yi barci, da jin ba su iya komai ba, wata ma har ta ji ba ta son ɗaukar ɗanta. A gida sai a ce iska ce, ko shagwaɓa, ko rashin godiya ga kyautar Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar takan fuskanci matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari ciwon damuwa. Shi ya sa ziyararmu ta fi yawa a mako na biyu da na uku, ba ranar suna ba. Ba ma hana addu'a, mu ma muna yi, amma idan abin ya wuce mako biyu, ko ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma a nan ma sai kaka da maigida sun fahimta kafin ƙafarta ta taka can. Wadda ta yi ɓari ko jaririnta ya koma ba a cire sunanta daga rajista, ita ce ma ta fi bukatar a leƙa ta.

Game da kuɗi, muna da ɗan asusun gaggawa da kowa ke jefa abin da ya sawwaƙa, mutum biyu ne suke riƙe da shi, kuma ana karanta lissafinsa a bainar jama'a duk wata. Yana isa kuɗin mota da kati da ƙananan gwaje-gwaje, ba ya isa tiyata, kuma ba ma ɓoye wa kowa hakan. Rabon kaya kuwa ina tsoronsa. Da zarar an san ana raba sabulu da atamfa, aji zai cika da masu jiran rabo, wadda take da tambaya ta rasa wurin zama, ranar da kaya suka ƙare kuma a watse. Masu zuwa da kyamara idan zaɓe ya ƙarato mukan gode musu mu nuna musu asibitin mazaɓa, can ne gudummawarsu za ta fi amfani. Gajiyar 'yan sa-kai ma gaskiya ce, don haka jagoranci yana zagayawa, kuma duk wadda ta yi arba'in lafiya ana haɗa ta da wata mai sabon ciki a layinsu ta riƙa bibiyarta.

Wadda take son farawa a Rigasa ko Hayin Banki ko Unguwar Shanu, ta fara da gaishe da mai unguwa da liman, sannan ta je wurin shugabar ƙaramin asibitin mazaɓarta ta nemi a ba ta ma'aikaciyar da za ta riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata. Daga nan ta nemi ungozomar da ta fi daɗewa tana karɓar haihuwa a unguwar, ta je mata da girmamawa. Ita ce ake fara bugawa ƙofa idan naƙuda ta tashi da dare, kuma idan ta ce wa mutanen gida wannan ba tawa ba ce, ku fito da mota, babu mai yi mata gardama.