Hoton jijiya shi kaɗai ba ya yanke hukunci

Akan ce da hoton jijiyoyin jini ake gano kumburin jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Haka ne, amma an gajarta zancen da yawa.

Abin da likita ke nema a hoton shi ne jijiya ta tsuke a nan, ta buɗe a can, ta sake tsukewa, kamar 'ya'yan carbi a zare. Ana dubawa da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, MRI ko CT, amma wanda ya fi fito da ita shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har wuya, a tura ruwan da ke haska jijiyar. Matsalar ita ce cutar kan kama ƙananan jijiyoyin da ba sa fitowa a hoton, sai sakamako ya ce lafiya lau alhali mutum na jin jiki. Tarin fuka da ya hau ƙwaƙwalwa, ko kitsen da ya tsuke jijiya, su ma sukan ba da irin wannan siffa. Shi ya sa ake ɗebo ruwan ƙashin baya, wani lokaci har a ciro ɗan naman ƙwaƙwalwa a duba. Maganin kumburin yana kwantar da garkuwar jiki ne. In aka ɗirka wa mai tarin fuka wannan magani shi kaɗai, ai an ƙara masa ciwo.

Mu nan Kano kuwa, mutum zai yi wata da ciwon kai, ga mantuwa, hannu na saki, a ce jinnu ne, a wuce kemis. Kafin a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ɓarin jiki ya shanye. Kuɗin MRI kuma, kar ma a tayar da wannan.