Taron bita ba zai mayar da yaran nan gida ba

Wani labari da na karanta ya ce in aka koya wa ma'aikatan kula da yara na Kanada al'adun 'yan asalin ƙasar, raba yara da iyayensu zai ragu. Ni ina da ja. Ƙidayar 2021 ta nuna yaran 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 ne cikin ɗari na yara 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, amma su ne kashi 53.8 na waɗanda hukuma ta bayar riƙo. Taron bita na kwana uku ne zai gyara wannan? Ma'aikaciya ta shiga gida ta tarar da mutum goma a ɗaki biyu, ruwan famfo ba ya shawuwa sai an tafasa, sai ta rubuta sakaci, alhali talauci ta gani. Kakannin yaran nan kuma su ne aka ƙwace aka kai makarantun kwana, inda ake dukansu don sun yi yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Wani mai sharhi ya ce a ceto yaro ko ina za a kai shi, amma mu da muka san riƙo ai mun san hannun goggo daban yake da hannun bare. Dokar C-92 ta Kanada kan kula da yaran 'yan asalin ƙasa ta fara aiki a Janairun 2020, ta sa dangi gaba wajen riƙo, ta kuma amince al'ummomin su tafiyar da harkar yaransu. To me ya sa labarin bai tambayi nawa ake ba kakar da ta ɗauki jikoki huɗu ba?