Tsofaffin hotunan gidajen Hausawan Legas

Ina kira ga ’yan’uwana Hausawan Legas da mu fito da tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwatunan iyayenmu tun masu iya gane fuskokin da ke cikinsu suna raye. Zamanmu a garin nan ya daɗe ƙwarai. Tun a 1863 wani Baturen mulkin mallaka mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912 cinikin goro da na shanu ya ƙara jawo mutanenmu zuwa zangon Agege, sannan ma’aikatan gwamnati suka yi ta zuwa har aka mayar da babban birni Abuja a 1991. Yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne a Agege da Obalende da Idi-Araba waɗanda idan aka tambaye su asalinsu ba sa wuce cewa Kano ko Katsina, ba su san ƙauyen ba, balle gidan. Abin ba ya damun kowa sai ranar da yaro zai nemi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ko ranar da dangin yarinya suka fara bincike kafin ba da aure.

A ganina hoto ya fi kowace takarda taimako a wannan bincike, domin yawancin kakanninmu ba su bar rubutaccen tarihi ba, amma kusan kowannensu ya taɓa zama gaban mai hoto, ko don fasfo na aikin Hajji, ko don katin aiki, ko ranar Sallah. Wanda ya iya duban hoto zai karanta abubuwa da yawa a cikinsa. Tsagar fuska kaɗai tana iya nuna Bagobiri ne ko Babarbare, alhali jikokinsa ba su da ko zane ɗaya a kumatu. Hatimin mai hoto da ke bayan takardar yakan ɗauki sunan gari ko titi. Ɗinkin riga da irin hula da ɗaurin ɗankwali suna nuna zamani, har ma motocin da suka fito a bayan mutum, domin sai a watan Afrilu na 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, saboda haka hoton da motoci ke bin hagu ya girmi wannan lokacin.

Sai dai duk wannan ba ya ba da suna. Sunan yana bakin tsofaffi, musamman mata, domin gwaggo ko inna ita ce ta san wace ce ta auri wa, wane ne ya sha nonon wa, da kuma ɗan’uwan da ya tafi Shagamu ko Kumasi sayen goro bai dawo ba. Abin da ya kamata shi ne a zauna da su, a miƙa musu hoton a hannu, a kunna waya ta naɗi muryarsu, sannan a rubuta sunaye a bayan hoton da fensir, don tawadar biro takan huda ta ɓata fuska. A ɗauki kowane hoto gaba da baya da waya, domin danshin Legas da ambaliyar damina ba sa barin takarda ta daɗe.

Na san akwai masu ƙyamar ajiye hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma ina girmama su. Roƙona kawai shi ne kafin a ƙona ko a zubar, a miƙa wa wani ɗan’uwa, domin sada zumunci umarni ne, kuma mutum ba zai sada zumunci da wanda bai san da shi ba.

Wajen yaɗawa ma a yi hattara. Zauren dangi na WhatsApp ya fi Facebook dacewa, kuma kada a saka hoton mace a bainar jama’a sai da yardarta ko ta ’ya’yanta. Duk wanda zai je gida Sallar bana ya tafi da kwafi, ya fara nuna wa mai unguwa da limami da tsohon wanzamin garin, domin su ne suka halarci sunaye da ɗaurin auren gidajen da muke nema.