Kaskon ruwan tsuntsaye

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ya haura digiri 40, na tarar da wata kurciya a gindin randarmu, baki buɗe, tana tsattsagar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tausayi ya kama ni. Dama malaminmu ya sha faɗa mana cewa akwai lada a shayar da duk wani mai rai, ni kuwa ga ladan da bai wuce kofi biyu na ruwa ba, ina zan bari ya wuce ni?

Na ɗauko tsohon kaskon turaren wuta na uwargida, na wanke, na cika shi da ruwa, na ajiye a gindin zogalen da nake shayarwa da ruwan alwala. Na saka dutse a tsakiya don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa, sannan na barbaɗa gero a kewaye.

Kwana biyu ba wanda ya zo. A na uku kurciya ta zo, ta koma ta yi shela. Sai ga marai, sai ga hankaka, sai ƙadangaru, sai ƙudan zuma da suka mayar da wurin tasha. Kajin maƙwabci kuwa ta magudanar ruwa suke shigowa, uwa da 'ya'ya bakwai, kullum, kamar masu karɓar albashi. Ran nan ina zaune ina jin kaina sarkin dabbobi, shirwa ta sauko ta mayar da su shida. Da yamma maƙwabcin ya yi sallama.

"Malam, ashe kiwon shirwa ka fara?"

Na biya kuɗin ɗan tsako. Kuɗin kaza ma ya nema, wai ai da zai girma.

Ban san ana sauya ruwan duk bayan kwana biyu ba, ƙari kawai nake yi. Cikin mako guda sai ga tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Uwargida ta leƙa, ta ce, "Maigida, su ma waɗannan cikin ladan suke?"

Duk wannan wasa ne. Ranar Juma'a Hajiyarmu ta zo. Tana shigowa ta yi turus: kasko a kusurwar gida, dutse a tsakiya, gero a kewaye, ga baƙin gashin hankaka a gefe. Ta saki salati.

"Wa ka taɓa a wurin aiki? Wa ya binne maka wannan?"

"Hajiya, ni na ajiye, na tsuntsaye ne."

"Innalillahi! Har ya fara cin ka."

Ta tofe kaskon da Falaƙi da Nasi, ta sa almajiri ya kai shi bola ya fasa. Ni kuma kwana bakwai ina shan rubutu.

Yanzu a jar roba nake zuba musu, a kan katanga, kuma duk ranar da Hajiya za ta zo sai in jera wa robar soso da sabulu a gefe.