"Ai ni ba ni da firinta" ba kariya ba ce

Mutane da yawa in sun ji ana maganar ɓaraka a manhajar buga takardu sai su ce ai su ba su da firinta, babu ruwansu. To ba a jikin firintar matsalar take ba, a cikin Windows ɗin kanta take. Akwai Print Spooler, shi ke jera takardun da za a buga, kuma a kunne yake zuwa ko ka taɓa jona firinta ko baka taɓa ba.

Abin da yasa yake da haɗari shine da ikon SYSTEM yake aiki, wato matakin da ya fi na admin ma. Kenan in mutum mai ƙaramin akawun ya yaudare shi ya loda direba na bogi (direba ita ce manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita), shikenan kod ɗinsa zai gudana da wannan ikon, daga wanda ko manhaja ba zai iya sakawa ba ya koma mai kwamfutar gaba ɗaya, ya ƙirƙiri akawun, ya kwashi fayil. Haka ɓarakar Spooler da aka kira PrintNightmare ta yi a 2021, har sai da Microsoft suka canza tsari a watan Agusta, saka direban firinta ya koma sai admin. Muguwar manhajar nan mai suna Stuxnet ma a 2010 ta bi ta Spooler wajen yaɗuwa.

Masu Linux da Mac kuma kar su yi dariya, CUPS ɗinsu ma, wato tasu manhajar buga takardu, an sha samun ɓaraka a ciki.

In baka buga komai, musamman a saba (server), kashe Spooler ɗin kawai, sauran kuma a riƙa yin ofdet.